Kafar da Muka Toshe

Iskar farkon damina ce ta kwantar da darnin gidanmu a Mandera, kwana tara bayan rasuwar Baba. Inna na cikin takaba, ga tsakar gida a buɗe, duk mai wucewa sai ya hango ta bisa tabarma.

Karan dawa ya ƙare tun bazara. Mu huɗu muka haɗa kuɗi, muka sayo katako da ƙusa a Bodinga. Dirkoki kuwa daga dogon yaron da Baba ya dasa muka saro su, muka shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Kwana uku muna aiki, kafinta ya kafa ƙyaure har da sakata.

Da muka gama, Inna ta zagaya, ta tsaya daga gabas.

"Sannunku da aiki. To, ta ina zan miƙa tuwo?"

Sai a lokacin muka tuna. Tsohon darnin yana da kafa a nan, ta cikinta kwano ke wucewa tsakaninta da maƙwabciyarta tun kafin a haife mu. Ga shi wata huɗu da kwana goma ba za ta fita ba.

Kafin magariba muka ɓamɓare katako biyu.