Morishus: Tsibirin Da Indiyawa Ke Zuwa Rawa Da Waƙa

Mai karatu, in dai ka kalli Kuch Kuch Hota Hai na 1998, to ka leƙa Morishus ba ka sani ba. Kwalejin nan da Shah Rukh Khan da Kajol ke ta tsokanar juna, a can aka ɗauke ta. Haka ma Mujhse Shaadi Karogi na su Salman Khan da ya fito a 2004: a labari Goa ce, amma rairayin bakin tekun na Morishus ne.

Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, mutanensa sun ɗan haura miliyan ɗaya. Kuma wallahi kyamara ba ta yi ƙarya ba. Ruwan garai-garai, kana hango kifi a ƙasa, don duwatsun murjani sun kewaye yawancin gaɓar sun tare igiyar ruwa. A Chamarel akwai tudun da ƙasarsa ke da launi bakwai, kusa da shi ruwa na zubowa daga tsayin mita kusan 100.

Otal kuwa sai wanda ya gani. Irin su Le Saint Géran da Royal Palm, ka buɗe ƙofar ɗaki sai teku, ga kwale-kwale na jiranka. Amma fa kwana ɗaya sai ya lashe albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni. Kada gabanka ya faɗi: akwai bakin teku na gwamnati irin Flic en Flac da ake shiga kyauta, ga ƙananan masaukai, ga dholl puri, wani burodin wake mai laushi da ake sayarwa a titi da araha. Musulmi na da yawa, abincin halal bai wuya, Masallacin Juma'a na Port Louis, babban birnin, tun shekarun 1850 yake.

To me ya haɗa Indiyawa da wannan wuri? Rake. Bayan Ingila ta hana bauta, daga 1834 Turawa suka riƙa kwaso leburori daga Indiya don noman rake. Jikokinsu ne mafi yawan jama'ar ƙasar a yau, shi ya sa darakta daga Mumbai ke jin kamar gida ya zo.

Akwai kuma abin da waƙa ba ta nuna maka. Dutsen Le Morne da ke tsaye a bayan manyan otal, maɓoyar bayi ne da suka gudu daga gonaki, kuma a 2008 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Tsuntsun dodo, wanda babu shi ko'ina sai nan, ya ƙare ƙaf kafin 1700 bayan zuwan Turawa. A 2020 jirgin ruwan Wakashio ya maƙale a murjani, man da ya kai tan 1,000 ya malala, har jama'a suka riƙa aske gashinsu ana cusawa a buhuna don tsotse man.

Saboda haka in Allah ya hore maka, ka je tsakanin Mayu da Nuwamba, kafin lokacin guguwa. Ka ɗauki hotonka irin na jarumi, ba laifi. Amma ka ware safiya ɗaya ka hau Le Morne, ka ga inda waɗancan bayin Allah suka ɓuya.