Kainuwa Dashen Allah: Darasi Daga Wani Kududdufi a Daura

Duk baƙon da ya sauka a Daura, Rijiyar Kusugu ake fara kai shi. Ni ma haka aka yi mini a watan Oktoban bara, sa'ad da na bi hanyar Kano zuwa Kazaure na je ɗaurin auren wani tsohon ɗalibina. Na leƙa rijiyar, na sha ruwanta, na sake sauraron labarin da muka sani tun muna firamare: macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajida da ya sare kanta, da Sarauniya Daurama. Tarihin garin da maganar ruwa ya soma. Amma ruwan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani kududdufi a bayan gari, kusa da masaukina, irin ramin da ake bari bayan an ɗebi ƙasar gini.

Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, kududdufin ya cika maƙil. Kainuwa ta rufe gefe guda, kore shar, ga wasu 'yan mitsi-mitsin ganyaye kamar ƙwayar riɗi suna yawo a tsakaninta, waɗanda masana tsirrai ke kira Lemna. Wani dattijo mai lambu yana ɗiban ruwa a bakin gaɓa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, kainuwar nan ba ta hana ka aiki?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ita ce mai gadina. Muddin tana kore, ruwa yana da rai. Ranar da ta yi rawaya, sai in daina ba alayyafona."

Na ɗago ɗaya na duba saiwarta, dogaye kamar gashi, da santsi a jikinsu. Wannan santsin gari ne guda. Dubban dubatan ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin kimiyya, suke zaune a manne da juna. Bahaushe ya ce kainuwa dashen Allah, domin ba wanda ya shuka ta, kuma saiwarta ba ta taɓa ƙasa. Sai dai ba ita kaɗai take rayuwa ba. Tana tsatsafo wa waɗannan ƙwayoyi sukari da iskar shaƙa ta saiwarta, su kuma wasunsu suna narka mata abincin da ke cikin ruwa, wasu suna samar da sinadaran da ke ƙara mata girma, wasu kuma suna farfasa dattin da muke zubawa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan a ƙarƙashin ganye.

Duniya ta daɗe da lura da wannan zumunci. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renon wani tsiro mai yawo a ruwa, Azolla, saboda ƙwayar da ke zaune cikin ganyensa tana jawo naitirojin daga iska, ta zame wa gona taki. A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Japan sun ba da rahoton wata bakteriya da suka samo a jikin Lemna, wadda ke cinye gubar da ake kira finol, tana kuma sa tsiron ya ƙara yaɗo. A garin Mirzapur na Bangaladash an yi amfani da irin wannan tsiro wajen tace ruwan najasa, ana kwashe shi ana ciyar da kifi. Abin da muke ratsawa ba mu kalla, wasu sun mai da shi ma'aikaci.

Na koma Daura a watan Afrilu, cikin tsananin bazara, na sake zuwa bakin kududdufin. Ruwan ya janye ya bar laka mai tsattsagewa, abin da ya rage ya yi baƙi-baƙi yana wari. Masu wanki da masu wankin babura sun matso kusa, kumfar sabulu da maiƙon baƙin mai suna yawo a sama, ledoji sun cika gaɓa. Kainuwar ta ƙanƙance ta yi rawaya, saiwarta ta yi baƙi tana tsinkewa a hannu. Dattijon kuwa ya tashi lambunsa.

Abin da ya faru ba boyayye ba ne ga mai nazari. Idan ruwa ya ragu, gishiri da datti sai su taru su yi kauri, zafi kuma ya kore iskar da ke cikinsa. A irin wannan matsi, garin da ke jikin saiwar yana sauya mazauna: nau'o'i da yawa su ɓace, masu jure wahala su mamaye wurin. Tsiron da ya galabaita ba ya iya ciyar da abokan zamansa, su ma ba sa iya taimakonsa, sai aikin tace ruwa ya tsaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Idan kuma ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗura wa kaji da dabbobi barkatai suka gangaro da kashinsu, ƙwayoyin da suka tsira su ne waɗanda magani ba ya ji. Yaran da ke wanka a wurin da awakin da ke sha su ne za su kai su gida.

Ba ina cewa kainuwa ba ta da aibu ba. Idan ta rufe ruwa gaba ɗaya tana tare haske, kifi ya shaƙe. Tsutsar wani nau'in sauro, Mansonia, a saiwarta take maƙalewa tana shaƙar iska. Dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya yana fakewa a cikin ciyayin ruwa, kuma bincike a Bangaladash ya nuna ƙwayar kwalara na iya daɗewa a jikin irin waɗannan tsirrai. Saboda haka kula take bukata: a riƙa rage ta a kai a kai, a mai da wadda aka kwashe takin gona, a hana yara shiga ruwan.

Shawarata ga ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, ita ce su ƙidaya kududdufansu, su hana zuba shara da baƙin mai a ciki, su kuma daina barin ana cike su ana yanka filaye, domin su ne ke shanye ruwan sama kafin ya shiga ɗakunan mutane. Ɗalibanmu na kimiyya kuwa, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ga abin bincike a ƙofar gida. A ɗebi saiwar kainuwa daga wuri guda a kaka da hunturu da bazara, a gwama da ta manyan ruwaye irin su Dam ɗin Sabke da na Daberam, a ga waɗanne ƙwayoyi ne ke tsayawa, waɗanne ke gudu.

Kusugu ta samu gini da mai tsaro, kuma ta cancanta. Kududdufin bayan gari kainuwa kaɗai ke gadinsa. Allah ne ya dasa ta, amma abin da ake zuba mata a ruwa, hannunmu ne ke zuba shi.