Tsiron da Yaro Ya Zaɓa

A ƙauyukanmu na yankin Maraɗi, sassabe aikin gida guda ne. Tun shekarun 1980 iyayenmu suka karɓi sassaben zamani: maimakon a tuge kututture, sai a bar masa tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. A nan muka koyi bambance gawo da kalgo da sabara. Gawo yakan zubar da ganye da damina, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki.

Yanzu yaranmu sun fi sanin waya a kan daji. Shi ya sa muke kai su gona, mu miƙa musu adda, su zaɓi tsiron da zai rayu. Wanda ya zaɓa da hannunsa ba zai yarda a sare ba.