Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kyaftin

Gafasa,
Ƙaramar Hukumar Ajingi.

Ɗana,

Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. An gama yankan gero, dawa ta kusa, wake ne dai bana bai yi yadda aka so ba.

Mahaifiyarka ta zo jiya da la'asar, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Wai an yi maka canjin aiki zuwa Makarantar Sojoji ta yara da ke Zariya, ranka ya ɓaci, har kana neman wanda zai sa baki a soke. Ban kira ka a waya ba don na san halinka, "to Kawu" za ka ce mini, ka je ka yi abin da ka ƙudura. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na san abin da ke cin ka. Waɗanda aka yaye ku tare daga NDA ta Kaduna suna filin daga, wasu a Borno, wasu a dazukan Zamfara, kai kuma za a miƙa maka alli da yara 'yan shekara 12 da ba su iya ɗaure takalmi ba. Kana ganin an ajiye ka gefe. Ni ma da aka tura ni koyarwa a wata sakandare ta sojoji, bayan shekaru ina riƙe da dakaru, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Yau ga ni na yi ritaya ina noma, kuma duk cikin aikin da na yi da kaki, shekarun nan na koyarwa su ne nake iya tunawa in yi barci da daɗi.

Ka san wanda ya fara riƙe makarantar da kake gudu? Kyaftin Wellington Bassey, mutumin kudu maso kudu. Daga ƙasa ya taso, ya yi ƙaramin soja kafin ya sami anini a 1949, lokacin da hafsoshi baƙar fata a rundunar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Lambarsa ta aiki N/1 ce, wato shi ne na farko a jerin hafsoshin Najeriya. Da Turawa suka buɗe abin da suka kira Boys Company a Zariya ranar 20 ga Mayu, 1954, shi suka damƙa wa yara 30 na farko. Ka duba wannan da kyau. Hafsan da ya fi kowane ɗan ƙasa daɗewa da anini a kafaɗa, shi aka ga ya dace da yara. Ya kai Birgediya daga baya, ga bariki can a Abuja da sunansa. A 1960 aka sauya wa wurin suna ya koma Makarantar Sojojin Najeriya, kuma ta ƙofarta Tunde Idiagbon ya fito, wanda har yau in an ce Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 shi ke faɗo wa mutane a rai. Ta nan Joe Garba ya bi, wanda ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, haka David Mark da ya riƙe Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015. Kowannensu ya taɓa zama ƙaramin yaro mai ƙwaryar molo a filin fareti, wani hafsa yana gyara masa tsayuwa.

Barikin ma da za ka zauna, Chindit, sunan ya samo asali ne daga yaƙin Bama, inda kakanninmu suka shiga daji suka gwabza da Japanawa a 1944. Daffo na nan kusa, inda ake horar da kurata. Ka riƙa kai yaranka su ga wuraren, ka faɗa musu ma'anar sunayen.

Amma bari in gaya maka abin da ba a koya maka a Kaduna ba. Yaro ba kurtu ba ne. Kurtu da gemunsa ya zo, ya san abin da ya kawo shi, in ka daka masa tsawa ya san aiki ne. Yaron nan kuwa jiya-jiya aka raba shi da uwarsa. Da dare, bayan an busa bigila an kashe fitila, in ka bi ta bayan ɗakin kwana za ka ji masu shessheƙa cikin bargo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, sai dai masu faɗin haka sukan manta cewa ɗanyen icce ma yana tsagewa in hannu ya yi nauyi.

Ni na tsaga ɗaya, kuma har gobe abin yana raina. Wani yaro ne shiru-shiru, kullum shi ke makara a faretin safe. Na sa shi tsallen kwaɗo, na sa shi gwale-gwale a gaban 'yan'uwansa, sati biyu ana haka. Sai wani tsohon Samanja, Allah ya jiƙansa, ya ja ni gefe ya ce yaron fitsarin kwance yake yi, yakan tashi tun kafin asuba ya wanke zanen gado a ɓoye don kada a yi masa dariya, shi ne yake makara. Kafin in gyara, uban ya zo ya ɗauke ɗansa. Da na tambaya sau ɗaya tak, da ban yi wannan asarar ba. Don haka ka riƙe samanjoji da sajan-sajan ɗinka da mutunci, sun fi ka sanin abin da ke faruwa bayan isha'i. Ka sa ido a kan manyan ɗalibai, don zaluncin da babba ke yi wa ƙarami da sunan horo shi yaro ke ɗauka ya tafi da shi, ran da ya sami bindiga da shingen hanya ya sauke wa talaka. Duk sojan da ka ga yana marin direba a titi, wani ne ya koya masa cewa ƙarfi shi ne gaskiya.

Kada kuma fareti ya cinye karatu. Shekara 6 za su yi, su zauna jarrabawar WAEC kamar kowane ɗalibi, kuma ba dukansu ne za su zama hafsoshi ba. Wanda ya fita da lissafi da Turanci da tsoron Allah, ko ina ya faɗa zai ci abinci. Ka tabbata mai salla ya yi sallarsa a kan lokaci, mai zuwa coci ya je. A ɗaki ɗaya za ka ga Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Ibo, kuma abotar da suka ƙulla a nan ta fi duk wata lacca a kan haɗin kan ƙasa.

Mu mutanen ƙasar Gaya ai bai kamata a koya mana darajar wannan aiki ba. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama, Kano ta kafu. Maƙeri ba ya zuwa yaƙi, amma da abin da ya ƙera ake zuwa. Nan Gafasa, da an gama kaka samari sai su watse, wasu ci-rani Kano ko Legas, wasu su zauna bakin kasuwa har shaye-shaye ya same su. Nakan tara 'yan ƙanana a filin firamare ranar Asabar, mu yi gudu, mu yi 'yar maci, in duba farcensu da littafinsu. Abin da ƙarfina ya iya ke nan. Kai ga shi an ba ka makaranta sukutum da kayan aiki.

Ka janye maganar neman sa baki, ka je ka kama aiki ranar da aka ce. Kafin nan ka biyo ta Wudil ka kwana biyu a gida, mahaifiyarka ta gan ka hankalinta ya kwanta, ni kuma akwai tsohon littafina na darussa da na ajiye, zan ba ka. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka haƙuri da 'ya'yan mutane.

Wassalam.

Kawunka.