Agadas, Garin Motoci Masu Dogayen Ƙafafu

'Yar uwa, in Allah Ya kai ki Agadas ta ƙasar Nijar, bayan kin kalli hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27, ki leƙa tasha. Za ki ga motocin a-kori-kura irin su Hilux sun yi tsayi kamar raƙuma.

Ba ado ba ne. Daga nan zuwa Bilma, garin gishiri da dabino, ya fi kilomita 500, babu kwalta, sai rairayin Tenere. Shi ya sa makanikai ke ƙara wa mota sifirin ta ɗaga, don kada cikinta ya zauna a rairayi ko dutse ya fasa shi. Mota ta kafe a can, ruwan jarka na iya ƙarewa kafin taimako ya iso.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Doguwar mota, ga kaya da mutane a sama, saurin kifewa gare ta a gefen tudu. Ga shan mai, ga jijjiga har ƙugu ya yi tsami. Hawanta da zani kuwa, sai an miƙo miki hannu!

In tafiyar ta kama, ki nemi kujerar gaba, ki bar saman kaya.