Daga Harobanda zuwa wurin aiki

Birnin Yamai yana bakin kogin Isa. A shekarar 1926 ya zama babban birnin ƙasa, ya karɓi matsayin Damagaram. Yawancin ma'aikatun gwamnati, da bankuna, da Babbar Kasuwa, duk suna gaɓar hagu ta kogin. Amma ba dukan masu aiki a cikinsu ne suke kwana kusa da su ba. A ƙidayar 2012, mutanen Yamai sun zarce miliyan ɗaya. Hayar gida a tsakiyar gari ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Shi ya sa yake komawa gefen gari, ko kuma ƙetaren kogi, inda ake kira Harobanda. Can akwai unguwanni kamar Lamorde da Karaje da Kirkisoi.

Akwai wani akawu da yake zaune a ƙarshen Kirkisoi, shi da matarsa da ƴaƴansu uku. Ɗaki biyu gare su, da ƴar farfajiya inda suke ɗaure tunkiya. Ba shi da babur, balle mota. Kowace ranar aiki sai ya ƙetare kogi sau biyu.

Daga sallar asuba ba ya komawa barci. Yakan sha kunu a tsaye, ya kama hanya yara suna kwance. Motar haya ba ta shiga lungunsu saboda rairayi, sai ya taka har bakin kwalta. Nan yake jiran faba-faba. Faba-faba ƙaramar kar ce ta haya. Sunan daga Zabarmanci ya fito, ma'anarsa taimako. Ta cancanci sunanta, don ta fi taksi araha. Sai dai ba ta san agogo ba. Direba yana son motarsa ta cika, yaron mota yana ta kiran mutane a bakin ƙofa. Wurin da ya dace da mutum uku, huɗu ake zubawa. Ga mai kwandon tumatir, ga ɗan lakkol da jakarsa, ga tsohuwa za ta asibiti. Akawu yakan rungume takardunsa a ƙirji, kada su tattaƙwashe.

Babbar matsala ita ce gada. An buɗe gadar Kennedy a 1970. Kafin nan, da jirgin fito da kwalekwale ake ƙetarewa. Shekara arba'in ita kaɗai ce gadar Yamai. Ba ta da faɗi: layi ɗaya na masu zuwa, layi ɗaya na masu komawa. Kowa ta nan yake bi, har da amalanken jaki da raƙuma masu ɗauke da itace ko ciyawa. Ma'aikata suna shiga gari, ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni kuma suna fita, don jami'ar a Harobanda take. In mota ɗaya ta mutu a tsakiyar gada, kowa ya tsaya ke nan. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku kuma a 2021. An samu sauƙi. Amma tsohuwar gadar ce take sauke mutum a tsakiyar gari, don haka da safe ba ta rasa cunkoso.

Faba-faba ba ta kai shi ƙofar biro. In ya sauka, sai ya nemi taksi. Taksin Yamai na haɗin gwiwa ne. Mutum yakan leƙa ta taga ya faɗi inda za shi. In hanyarsa ta dace da ta waɗanda suke ciki, direba ya ce ya shiga. In ba ta dace ba, ya ja motarsa ko magana babu. Wata rana taksi biyar za su wuce shi haka. Shugaban aikinsa yana da mota, gidansa kuma ba nisa. In akawu ya makara, yakan dubi agogo ya ce:

— Malam, yau ma gadar ce?

— Ita ce, ranka ya daɗe.

Gaskiya ya faɗa. Amma gaskiyar da ake maimaitawa kowane sati takan fara kama da ƙarya a kunnen mai ji. Akawu ya san haka, shi ya sa yake ƙara sammako.

Sai kuma lissafin kuɗi. A ce kowace shiga mota dala 40 ce, wato sefa 200. Shiga biyu da safe, biyu da yamma, dala 160 ke nan a rana, wato sefa 800. In an yi kwana 22 ana aiki a wata, kuɗin mota ya kama jikka 17 da dala 120. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke tun 2024 jikka 42 ne. Wanda yake ɗaukar wannan albashi, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya tafi a hanya. Akawu ya ɗan fi haka samu, amma ba da yawa ba. Abin da ya rage a kuɗin haya, direbobi ne suke karɓe rabinsa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Yana dawowa bayan magariba, a gajiye. Ƙaramin ɗansa ya riga ya yi barci. Babbar ƴarsa tana aji huɗu, tana son ya duba mata karatu, shi kuwa ido yana rufewa. Sai ran Asabar da Lahadi yake ganin yaransa da hasken rana.

Matarsa ta sha ce masa su koma cikin gari. Sun zauna sun lissafa. Kuɗin da suke biya a nan, ɗaki ɗaya kawai zai ba su a can, kuma sai an sayar da tunkiya. Bayan ambaliyar 2020, da ruwan kogi ya shiga Lamorde da Kirkisoi, sun sake wannan magana. Ba su tashi ba. Yanzu akawu yana zubin adashi da abokan aikinsa, yana fatan kwasarsa ta kai shi ga babur. Kafin nan, in wata ya yi nisa, ba ya shiga taksi da yamma. Daga biro yakan gangara da ƙafa, ya ƙetare gada ta gefen masu tafiya ƙasa, sannan ya tari faba-faba a ƙetare. Dala 40 da ya rage, ita ce kuɗin kalacin yara na gobe.