Daga Fort William Zuwa Inverness A Tsaye Kan Allo

A arewacin Sikotland akwai wani dogon kwari da ya tsaga ƙasar gida biyu. Ya taso daga Fort William a kudu maso yamma, ya miƙe ɗoɗar har Inverness a arewa maso gabas. Tafkuna ne a jere cikinsa, Lochy da Oich da Ness, kuma injiniya Thomas Telford ya haɗe su da hanyar ruwa da aka haƙa, wadda aka buɗe a 1822. Tsawonta duka mil 60 ne, wajen kilomita 96, kashi ɗaya cikin uku aikin ɗan Adam, saura kuwa yadda Allah Ya halicce shi. Wannan hanyar muka ƙudurta bi, ni da wani abokin aikina Bazazzagi wanda ya girme ni, kowa a tsaye kan allonsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, allo ne dogo mai faɗi, mutum ya hau ya tsaya da ƙafafunsa, yana tuƙi da filafili guda mai dogon mariƙi. Daga Hawayi ya fito. Masu koyar da wasan hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki sukan tsaya kan allunansu da filafili domin su hangi ɗalibansu, sannan a farkon shekarun 2000 su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da abin har ya bazu duniya. Ni da na tashi a Yawuri tsayuwar ba ta zame mini baƙon abu ba, don tun ina yaro nake ganin masunta a tsaye suna tura jirginsu a kogin Kwara. Sai dai jirgi yana da ciki. Allo ba shi da shi: kayanka a sarari suke, kai ma haka, iska tana samunka tun daga idon sawu har ka.

Tafiyar ta soma ne tun a shagon da muka je neman allo, makonni kafin mu taɓa ruwa. Wata dattijuwa ce mai shagon, tana sayarwa tana kuma ba da haya. Ba ta nuna mana komai ba sai da ta yi mana tambayoyi: ina za ku, nawa ne nauyinku, me za ku ɗauka, a tanti za ku kwana ko a masauki? Da muka ce Tafkin Ness na cikin hanyarmu, sai ta wuce jerin allunan da ke bakin ƙofa ba ta ko dube su ba. Waɗannan su ne aka fi saye, masu tsawon ƙafa 10 da inci 6, masu zagayayyen hanci. Suna da daɗin koyo, suna da daɗin wasa kusa da gaɓa, amma ba a yi su don nisa ba. Gajeren allo mai faffaɗan hanci yakan karkata da kowane bugun filafili, ka buga uku ko huɗu a dama sai ka koma hagu, ƙarfinka yana ƙarewa wajen gyara hanya.

Allon tafiya daban yake. Hancinsa tsini ne, yana yanka ruwa maimakon ya mare shi, kuma tsawonsa ƙafa 12 da inci 6 ne ko ƙafa 14. Gwargwadon tsawon allo, gwargwadon yadda yake sulalewa bayan kowane bugu da yadda yake riƙe hanya. Wannan kowa ya yarda da shi. Inda ake samun saɓani shi ne faɗi. Siriri ya fi gudu, mai faɗi ya fi natsuwa, kuma tsakanin inci 28 da inci 32 akwai tazarar da ido ba ya gani a shago, sai ƙafa ta hau ruwa take sani.

Abokina ya daɗe yana wannan wasa a koguna masu kwanciya, ƙafarsa ta goge. Ya ɗauki mai ƙafa 14 da faɗin inci 28. Dattijuwar ta ce masa allo ne mai kyau, amma ya tuna ba shi kaɗai zai hau ba, akwai kaya. Ni na tsaya kan mai ƙafa 12 da inci 6, faɗi inci 32, kauri inci 6, da igiyoyin roba na ɗaure kaya gaba da baya. Dukanmu na hurawa muka zaɓa. Akwai masu tauri da ake yi da kumfa da fatar gilashi, sun fi gudu ba shakka, amma ba za ka shiga jirgin ƙasa da su ba, kuma sumintin bakin hanyar ruwa ba ya raga musu. Na hurawa kuwa naɗe shi ake yi a jaka a goya. A cikinsa akwai dubban zaruruwa da suka haɗa fatar sama da ta ƙasa, su ne ke hana shi kumbura ya zama zagaye, kuma idan aka ba shi iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin PSI sai ya ƙanƙare ya yi tauri. Wanda ya yi ƙyuya wajen famfo ya tsaya a 10, zai ga allonsa yana lanƙwashewa a tsakiya.

Mun sa allunanmu a ruwa a Banavie, sama da jerin ƙofofin ruwa takwas da ake kira Matakalar Neptune, waɗanda ke ɗaga jirgi wajen mita 20 daki-daki. Dutsen Ben Nevis, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya, mita 1,345, yana bayanmu da hular gajimare. Kowa ya ɗora kayan da suka kai kilo 20: tanti, jakar barci, ƙaramin risho na gas, abinci, ruwan sha, duk cikin jakunkunan da ruwa ba ya shiga. Daga nan zuwa Gairlochy ruwa ne kwance lumui, kuma a nan allon abokina ya nuna kansa. Bugu ɗaya muke yi, amma kafin a jima ya zama ɗigo a gabana. Yakan tsaya ya jira ni, ya ce, "Ƙanena, ko in ɗauke maka jaka ɗaya?" In ce, "Malam, ka dai yi gaba, ina nan tafe."

Ƙofofin ruwa 29 ne a wannan hanya, kuma mai allo fitowa yake yi ya kewaye su da ƙafa. A nan ne mutum yake gane amfanin abin da bai kula da shi ba a shago, wato mariƙi. Allona yana da mariƙi a tsakiya, da ɗaya a hanci, da ɗaya a gindi, sai mu kama shi mu biyu da kayansa a ɗaure mu haura. Na abokina sai an kwance jakunkuna tukuna, a kai allo, a dawo a kwashi kaya, a sake ɗaurewa. A Gairlochy abin bai dame mu ba. A Fort Augustus, inda ƙofofi biyar suka gangara ta tsakiyar gari cikin cunkoson 'yan yawon buɗe ido, kowa ya ji a kafaɗarsa.

Tafkin Lochy ya karɓe mu da iska a baya. Galibin iskar ƙasar daga kudu maso yamma take kaɗawa, shi ya sa yawancin matafiya suke farawa daga Fort William. Muka bi gefen gaɓa har Laggan, muka shiga wani siririn sashe da itatuwa suka yi wa rumfa, muka fito Tafkin Oich, wanda shi ne ƙololuwar hanyar, mita 32 sama da teku. Daga nan duk ƙofar da ka kewaye gangara ce.

A bakin Oich muka kafa tanti. Dokar Sikotland ta 2003 ta ba matafiyi damar kwana a fili muddin bai yi ɓarna ba, bai bar shara ba. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe goma, kuma jan da ke sama bai gushe ba har gari ya soma wayewa, don haka muka haɗa magariba da isha irin na matafiya. Wajen alwala ne 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ƙasar suka taso mana. Da iska ta kwanta sai su fito dubbai, ba ka jin kukansu, sai dai ka ga hannunka da ka wanke yanzu ya yi baƙi da su tun daga wuyan hannu har gwiwa. Muka yi salla da ragar fuska a ka, muka ci taliya a tsaye muna zagaya risho.

Tafkin Ness shi ne ainihin tafiyar, kuma da shi ya kamata a auna kowane allo. Tsawonsa wajen kilomita 37, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan da ke cikinsa ya fi na duk tafkunan Ingila da Wales a haɗe. Baƙi ne wuluk saboda ruɓaɓɓen ciyayin da ke gangarowa daga tsaunuka, ka tsoma filafili ka daina ganin bakinsa. Sanyinsa kuwa ba a magana, can ƙasa bai cika wuce digiri 6 ba rani da damina. Wanda ya faɗa ciki ba shiri, numfashi ne yake fara ƙwace masa tun kafin ya tuna da iyo. Shi ya sa ba wanda ya cire rigar ceto a cikinmu, kuma igiyar da ta haɗa kowa da allonsa a ƙugu take, mai ɓalli da ake fizgewa da hannu ɗaya.

Mun bar Fort Augustus, inda aka shiga tafkin, da sassafe ruwa na kwance, muka kama gaɓar kudu. Wajen hantsi iska ta taso. Da yake tafkin miƙaƙƙe ne ba kwana, iska tana samun filin tara ruwa, kuma duk yadda ka ƙara gaba haka igiyoyin ruwa suke ƙara girma. Ta baya suke zuwa, su ɗaga gindin allo, su tura hanci ƙasa. Na ga hancin allona ya nutse har ruwa ya shafi jakar gaba, sai na durƙusa na kwance ta, na mayar da ita baya, na miƙe na ja ƙafafuna taki ɗaya bayan mariƙin tsakiya. Nan take hancin ya ɗago, allon ya soma hawan igiyoyin yana gangarawa da su. Inci huɗun nan da aka ƙara mini a faɗi su ne suka ba ni damar yin wannan duka a tsakiyar ruwa ba tare da na jiƙe ba.

Abokina ya fi ni gwaninta nesa ba kusa ba, amma siririn allo da kaya a kai, ga igiya tana dukan kwiɓi, ba ya barin ƙafa ta huta ko daƙiƙa ɗaya. Tafin ƙafarsa ya ƙage, cinyoyinsa suka soma rawa, dole ya koma kan gwiwa, kuma a haka ya tuƙa sa'o'i. Gaɓar wannan ɓangaren duwatsu ne a tsaye da itatuwa har bakin ruwa, wuraren fita kaɗan ne ƙwarai. Muka yi ta tafiya kusa da juna ba mai magana har muka kai Foyers. Da muka ja allunan kan tsakuwa ya zauna yana murza gwiwoyinsa, ya ce, "Gudun da na saya, yau ban ga inda ya amfane ni ba." A nan muka yi zaman jira har iska ta sauka, muna hangen kangon ganuwar Urquhart da za mu wuce ta tsallaken ruwa.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Masu sayar da alluna da masu gasa suna yawan zancen gudu, kuma sabon shiga yana jin kunya ya ce shi mai faɗi yake so. Amma mai tafiya da kaya ba tsere yake yi ba. Sa'ar da ya gaji, iska ta juya, gaɓa ta yi nisa, ita ce ya kamata ya sa a gaba lokacin da yake tsaye a shago. Wanda yake da nauyi ko doguwar tafiya ya ɗauki ƙafa 14, ba laifi, amma ya nemi mai faɗin inci 30 ko fiye. Ya kuma duba nauyin da aka rubuta allon zai iya ɗauka, ya haɗa nasa da na kayansa, ya bar rara mai yawa. In da hali ya yi hayar irinsa, ya ɗora masa jakunkuna cike, ya fita da shi ranar da ake iska.

Daga Foyers muka wuce Dores, inda tafkin ya ƙare a wata doguwar gaɓa ta tsakuwa, muka kewaya muka shiga ɗan ƙaramin Tafkin Dochfour. A nan akwai wurin da ba a wasa da shi. Kogin Ness yana ballewa ta dama, ya zuba ta kan wata doguwar madatsa, hanyar jirage kuma tana hagu. Daga nesa bakin madatsar ba ya nuna komai, ruwa ne sumul. Irin wannan wuri ne ya ci rayukan masu allo huɗu a garin Haverfordwest na Wales a watan Oktoba na 2021, domin ruwan da ke faɗowa daga madatsa yana juyawa ya riƙe mutum a gindinta. Muka manne da gaɓar hagu tun da wuri, muka kewaye ƙofar Dochgarroch, sauran tafiyar kuwa ruwa ne kwance, allon abokina ya sake yin gaba.

A Muirtown, bakin Inverness, muka fito. Kafin mu naɗe allunan sai da muka wanke su tas, har cikin ramin fiffiken da ke ƙasan allo da ƙarƙashin igiyoyin kaya, muka shanya su suka bushe, domin ana roƙon duk mai jirgi ko allo ya yi haka kada ya kwashi ƙwayoyin ciyayi da ƙananan halittu daga wani ruwa ya kai wani. Muka buɗe bakin iska, kowa ya naɗe nasa ya cusa a jaka, muka goya muka nufi tashar jirgin ƙasa, abokina yana ta lissafin nawa za a ƙara masa in ya musanya nasa da mai faɗin inci 31.